Kiwon damo a gida: akwatin gilashi, kejin waya, falanki ko ginin bulo?

Farkon daminar bara, bayan ruwa na biyu, ɗan yayata ya yi sallama gidana nan Katsina riƙe da bokitin fenti da aka huhhuda murfinsa da ƙusa. Da ya buɗe sai ga ɗan damo, tsawonsa bai fi taƙi guda ba, ya lafe a gindin bokitin yana kumbura wuya. A bayan gari ya karɓe shi, ta wajen hanyar Daura, a hannun wasu yara da suka ɗaure shi da zare a ƙugu suna ja.

"Kawu, so nake in riƙe shi," in ji shi. "Na gani a waya Turawa cikin akwatin gilashi suke sa shi, da fitila a sama. Mai waldan unguwarmu kuma ya ce zai haɗa mini keji da araha. Wanne ka ga ya fi?"

Ya zo wurina ne don ya san na taɓa wannan kiwo. Damo biyu na riƙe a rayuwata. Na farkon ya mutu a hannuna cikin shekara ta biyu, kuma har yau abin yana cina, domin rashin sanina ne ya kashe shi. Na biyun yana nan da ransa a bayan ɗakina, shekararsa 5 ke nan. Muhalli ne ya raba tsakaninsu, abinci ya biyo baya. Abin da na faɗa wa yaron nan a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don duk wanda ke tsaye inda ya tsaya.

Ka fara sanin wane ne baƙon

Damo ɗan ƙasarmu ne. Ana samunsa a dajin da ke kudu da Sahara tun daga Sanagal har Sudan. Masana suna kiransa Varanus exanthematicus, kuma wani Bafaranshe mai suna Louis Bosc ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1792. Gajeren wuya gare shi, da faffaɗan kai, da kaurin jiki. Babba yakan kai santimita 60 zuwa mita 1. A cikin danginsa na Afirka ƙarami ne, amma kada wannan ya ruɗe ka: ɗan taƙin da ke cikin bokiti yau, nan da shekara 2 zuwa 3 zai kai kamu biyu.

Kada ka haɗa shi da guza. Guza mai dogon wuya ne da doguwar jela mai faɗi, da ɗigo-ɗigon rawaya a jere, mazaunin bakin gulbi da fadama. Yana kai mita 2, ga faɗa, ga bulala da jela, kuma sai an yi masa tafki. A jihar Fulorida ta Amurka, waɗanda masu kiwo suka gaji da su suka saki sun hayayyafa har sun zama matsala. In abin da aka kawo maka guza ne, babu ɗaya daga cikin gidajen da zan lissafa da zai ishe shi. Akwai kuma wani ƙarami mai ƙayoyi a jela da ake yawan gani a bidiyo, Varanus acanthurus, wanda ba ya wuce santimita 70. Wannan ɗan Ostiraliya ne, ƙasar kuwa ta hana fitar da dabbobin dajinta don kasuwanci. Waɗanda ke hannun mutane a Turai da Amurka can aka ƙyanƙyashe su. Ba shi ne a gabanmu ba.

Wani ruɗanin daga wajen karatu yake zuwa. Dabbar nan da Larabawa ke kira dabbu, wadda Khalid ɗan Walid ya ci a gaban Manzon Allah (SAW), sau da yawa da damo ake fassara ta. Amma dabbu ganye take ci, damonmu kuwa ƙwari yake ci. Na sha ganin yaro ya zuba wa damo zogale da latas, yana mamakin ya ƙi taɓawa.

Maganar hukuma ma tana nan. Duk dangin damo da guza suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya ta kafa dokarta kan dabbobin da ke fuskantar barazana a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Kafin ka sayi bulo ko guda, je sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ka yi tambaya. Ni dai ba na goyon bayan a ba maharbi kuɗi ya je ya kamo. Wanda ka ceto daga hannun yara daban, wanda ka sa aka tono daga raminsa daban. Sannan duk Musulmin da zai kulle mai rai ya tuna matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Ma'aunan da zan auna da su

Wanda ya san yadda damo ke cin shekararsa a daji ya gama rabin zaɓi. Da damina yake fitowa ya ci fara, gyare, ƙadandoniya, buzuzu, dodon koɗi, har kunama, ya tara kitse. Ruwa na ɗaukewa sai ya shige rami ko tsohon suri, ya rage motsi, ya yi watanni yana cin kitsen jikinsa. A Katsina damina daga Yuni zuwa Satumba ce kawai, ka ga ke nan mafi yawan shekarar damo a ƙarƙashin ƙasa take ƙarewa.

Saboda haka ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne rami mai danshi. Mutane na ganin damo a busasshen daji sai su ɗauka ba ruwansa da laima, alhali cikin raminsa akwai sanyi da danshi ko a tsakiyar bazara. In ka hana shi rami, jikinsa zai riƙa tsotsewa a hankali ba ka sani ba, ƙoda ta gaji, gaɓoɓi su kumbura. Yana buƙatar ƙasa mai zurfin santimita 60, wadda in ka dunƙula ta a hannu za ta riƙe, ba ta zuba kamar rairayi ba, ba ta kuma ɗiga ruwa. Mace kuma tana yin ƙwai ko babu namiji. In ba ta sami inda za ta binne ba, sai ƙwan ya maƙale a cikinta.

Na biyu zafi, da wurin guje wa zafi. Damo ba ya narkar da abinci sai ya gasa jikinsa. Yana son dutsen da fuskarsa ta kai digiri 50 zuwa 55 ya kwanta a kai na ɗan lokaci, sannan ya koma inda bai wuce 26 zuwa 30 ba. Shi zai zaɓa, ba kai ba. Gidan da zafinsa ɗaya ne ko'ina, ko mai zafi ko mai sanyi, bai yi ba.

Na uku hasken rana kai tsaye. A cikinsa akwai wani haske da ido ba ya gani, UVB, wanda da shi fata ke haɗa bitamin D, da shi kuma ƙashi ke riƙe kalsiyam. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. Damon da ya rasa shi muƙamuƙinsa na laushi, ƙafafu su karkace, ya riƙa rawar jiki.

Na huɗu fili: babban damo ɗaya, mafi ƙaranci tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2, wato ƙafa 8 da ƙafa 4. Ɗaya na ce. Ba dabbar zumunci ba ce, in ka haɗa biyu mai ƙarfi zai danne wurin rana da abinci.

Bayan waɗannan ne za a zo kan abin da ya shafi aljihunka da gidanka: kuɗin farko, kuɗin yau da gobe, ƙarko, sauƙin kula, da haɗari. Da kayan aiki zan ƙiyasta tsada, ba da naira ba, tunda farashin siminti na wannan wata ba shi ne na watan gobe ba.

Akwatin gilashi

Shi ne ke jan hankalin matasa, kuma na gane dalili. Kana zaune kana kallon dabbarka, wankewa ba wuya, ɓera da kyanwa ba su isa gare shi ba. Masu haɗa tagogin gilashi da alminiyam za su iya yi maka.

Matsalar tana farawa daga nauyi. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, in ka zuba masa ƙasa mai zurfin 30 kacal, ka ɗora masa fiye da kilo 300, nauyin buhun siminti 6 ke nan. Gilashin taga ba zai ɗauka ba, sai mai kauri, shi kuwa da tsada. Kuma duk da haka rabin zurfin da ake so ka samu, da kwata na filin.

Sai wuta. Tunda a ɗaki yake, kai ne za ka zama rana. Ƙwan fitila mai zafi guda 2 masu wat 75, awa 12 kullum, sun kusa yunit 2 a rana. Ga doguwar fitilar UVB wadda sai an yi odarta daga nesa, kuma ana canza ta duk wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, domin hasken da ake nema yana ƙarewa kafin wanda ido ke gani. In aka ɗauke wuta kwana 2 cikin sanyin Janairu, abincin da ke cikinsa zai tsaya bai narke ba. Mai sola da batir mai ƙarfi ne kawai zai kwana da kwanciyar hankali.

Wani zai ce to a fitar da akwatin tsakar gida ya sha rana. Don Allah kada ka yi. Gilashi a ranar Afrilu ta Katsina tanda ce. Kafin ka je masallaci ka dawo aikin gama ya gama. Ƙari a kan haka damo bai san gilashi ba. Yana ganin fili sai ya yi ta tura hanci, kuma ganin mutane ta kowace kusurwa na hana shi sakewa. Turawan da kake gani da akwati dole ce ta sa su: ƙasarsu ba rana, ba zafi. Kai kuwa abin da suke saye da kuɗi yana zuba a tsakar gidanka kyauta.

Inda gilashi ke da amfani shi ne riƙon ɗan ƙarami na 'yan watannin farko, ko keɓe mara lafiya don a ga abin da yake ci da abin da yake fitarwa.

Kejin waya

Shi ya fi araha, shi ya fi saurin samuwa, mai walda zai gama shi a yini ɗaya, kuma ƙarfen zai daɗe. Shi ne kuma wanda nake roƙon kowa ya guje wa, domin a cikinsa na farkona ya mutu.

Irin kejin zomaye ne, mai ƙafafu, na shimfiɗa masa yashi ɗan kaɗan a kan faranti. Makon farko ya goge hancinsa a jikin raga har ya yi ja, ya zama gyambo. Farcensa biyu suka maƙale suka cire. Da hunturu ya shigo, iskar nan mai tsaga leɓe tana ratsa kejin ta kowane gefe dare da rana, ba inda zai ɓuya. Saɓarsa ta ƙi fita, ta ɗaure masa yatsu da ƙarshen jela kamar zobe har wani yatsa ya bushe. Ni kuma ina ta ba shi dafaffen ƙwai, hanta da kan kaza, yana ci yana ƙiba, masu zuwa kallo suna cewa ya ji kiwo. Ya yi lamo, ana ɗaukarsa ba ya motsi, muna cewa damo sarkin haƙuri. Da bazara ta biyu ƙafafunsa na baya suka kumbura, ya daina ci. Likitan dabbobin da ya buɗe shi bayan ya mutu ya nuna mini kitse cunkus a cikinsa, ya ce ƙodar ta riga ta lalace tun tuni.

Tun ranar na daina yarda da haƙurin damo a matsayin alamar lafiya. Lafiyayyen damo yana huci, yana kumbura, yana zaro harshe yana bincike, in ka matsa masa ya kai maka jela. Wanda ya yi laƙwas a hannunka, ko tsoro ne ya kashe masa jiki, ko sanyi, ko ciwo.

Abin da na faɗa kan keji ya hau kan duro, tsohon firji, da ɗaure shi da igiya a gindin bishiya. Igiyar nan tana cin ƙugu har ta shiga nama.

Akwatin falanki

Wannan shi ne tsaka-tsaki, kuma ga ɗan haya shi ne abin dubawa. Kafinta zai haɗa akwati mai ƙafa 8 da 4, tsayi ƙafa 4, gefe uku a rufe, rabin sama raga rabi rufi, ƙofa a gaba sama da inda ƙasa ta tsaya. Katako na riƙe ɗumi da danshi, yana kuma ba dabbar sutura. In ka ajiye shi inda hantsi ke sauka ta ragar sama awa 3 zuwa 4, ka huta da sayen fitila.

Abokan gabansa biyu ne, laima da gara. Ƙasa mai danshi a jikin katako ruɓa ce, gara kuwa ba sai an gaya wa Bakatsine ba. Leda ba ta taimako, farce ɗaya zai keta ta. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a yanka tsohon tankin ruwa na roba a zuba ƙasar a ciki, a huda gindinsa, sannan a gina akwatin a kewaye, a ɗora ƙafafun kan bulo. Ko da haka, in ya yi damina 3 bai nemi gyara ba ka gode Allah. Kada kuma a shafa masa baƙin mai ko maganin gara ta ciki. Abin da ke kashe gara ba zai bar damo ba.

A san kuma cewa ɗaukuwarsa da sharaɗi. Ƙasar da ke ciki ta kai tan 2. Ranar tashi sai an kwashe ta da shebur tukuna, kuma in lokacin rani ne dole ka tono dabbar daga barcinta. Kuɗinsa na farko ba ya nisa da na bulo, wani lokaci ma ya fi, tunda falanki mai kauri ba araha gare shi ba.

Ginin bulo a tsakar gida

Nan na biyuna yake, kuma nan zan daɗe, domin shi ne zaɓina ga duk mai gidan kansa.

Nawa tsawonsa mita 2.4, faɗi mita 1.5, bango mita 1.6 daga daɓe. Ya ci bulo wajen 130 da siminti buhu 7, har da filasta. Wanda ya jingina da katangar gida zai rage kusan kashi ɗaya cikin uku na bulon, amma sai an yi wa katangar filasta mai kyau saboda laima. A ƙasa ban yi daɓen siminti ba. Bulo na kwantar a jere da 'yar tazara tsakaninsu, na zuba tsakuwa santimita 10 a kai, yadda ruwa zai wuce amma damo ba zai tona ya fita ba. A kan tsakuwar aka zuba ƙasa santimita 60, jigawa da ƙasar gona rabi da rabi, baro 30 da ɗoriya, daga gonar da ba a yi wa feshi ba. Abin da ya rage na bango, wajen santimita 90, an goge shi sumul ta ciki. Sama murfin ragar ƙarfe ne mai kauri da kwaɗo, rabinsa an rufe da kwano an ɗora zana a kai don kada kwanon ya yi zafi.

Ranar da muke aikin maginin ya ajiye cokalinsa ya dube ni. "Malam, duk wannan don damo? Ai da rami ka sa aka haƙa, an huta da bulo."

Na ce masa ramin ne nake gudu. Wanda ya ga ruwan Agusta a garin nan ya san duk abin da ke ƙasa da daɓen tsakar gida tafki ne. Shi ya sa ƙasar damon take sama da daɓe kamar fangalin lambu, da bututu 2 a gindin bango an toshe bakinsu da raga. Ya gyaɗa kai, ya ƙara da shawarar da ban yi tunani ba: a karkatar da kwanon waje, kada ruwan rufi ya zuba ciki.

Wurin da za a gina shi ya fi kayan ginin muhimmanci. A nemi inda rana ke sauka daga hantsi zuwa kusan azahar, inuwa ta rufe shi da yamma. Nawa inuwar bedi ce ke rufe shi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, amma na ja da baya daga gindinta saboda saiwa. A ɓangaren rana na sa faffaɗan dutse, a ɓangaren inuwa kututture da fasasshen tulu. Ruwa a cikin kasko mai nauyi wanda zai iya shiga ya jiƙa, ana canzawa kullum domin a ciki yake son yin kashi. Akwai kuma bututu guda da na soke tsaye a kusurwa har gindin ƙasar. Da rani nakan zuba bokiti guda ta nan duk mako, ƙasan ta yi sanyi, sama ta zauna a bushe.

Da safiyar damina, wajen ƙarfe 9, za ka ga ƙasar bakin ramin ta motsa, kai ya leƙo da turɓaya a kansa, harshe na fita yana komawa. Sai ya ja jiki ya hau dutsen, ya baje haƙarƙarinsa kamar faifai, ya lumshe ido. Bayan rabin awa ya zama wata dabba daban: in ka jefa fara, kafin ta yi tsalle na biyu ya cafke. Na farkona bai taɓa yin wannan ba ko sau ɗaya.

Aibinsa kuwa ga su. Ba ya tasuwa, kuɗin na fita a dunƙule, kuma sai mai gida ya yarda. Daga wajen Nuwamba zuwa ƙarshen bazara za ka yi makonni ba ka gan shi ba, kuma dole ka danne zuciyarka kada ka tona. Wanda ke son abin nuna wa baƙi kullum zai ji haushi. Ragowar abinci na jawo kwarkwasa da ɓeraye, don haka abin da bai ci ba a kwashe kafin magariba. Ɗan ƙarami kuma shaho da muzuru na iya ɗauke shi in ragar ta yi faɗin ido. Ranar da aka manta kwaɗo, in ya fita, ƙwan zabin maƙwabta da 'yan tsakinsu ne za su fara shaida, kuma da wuya ya dawo da rai, tunda akwai masu cin namansa da masu son fatarsa.

Wani zai tambayi ginin ƙasa, tunda ya fi araha. Damo maginin rami ne. Bangon tubali mai laima a gindi kwana kaɗan zai ɗauke shi.

Abin da ba ya canzawa ko wanne ka zaɓa

Abinci ƙwari ne. Ɗanyar fara mai rai, ba soyayyar kasuwa mai gishiri da yaji ba, ba kuma ta gonar da aka yi wa feshi ba. Gyare, gwazarma daga juji, shinge in ya tashi, dodon koɗi da ɓawonsa. Kyankyasai ma, amma waɗanda ka kiwata a bokiti da dusa, ba na masai ba, ba na ɗakin da aka zuba fiya-fiya ba. A riƙa barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Ƙarami kullum yake ci, babba sau 2 ko 3 a mako da damina. Ƙwai da ɓera sai jefi-jefi, ɓeran da aka kashe da guba kuwa ko kusa. Wahalar neman ƙwarin nan ita ce ainihin kuɗin kiwon damo, ta fi ta gini.

Wanda aka samo daga daji yakan zo da kaska a hammata da gindin jela, da tsutsar ciki. A kai shi asibitin dabbobi a duba. Sannan kashin damo, kamar na sauran masu jan ciki, na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kaskonsa kada ya je inda ake wanke-wanke, ginin ya yi nesa da madafa da randa, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu kuma su tsaya a kallo.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin yau da gobe | Ƙarko | Sauƙin kula | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Akwatin gilashi | Mai yawa | Mai yawa: wuta da fitilu | Yana daɗewa in bai fashe ba, amma damo zai fi ƙarfinsa cikin shekara | Wanki da sauƙi, zafi da wuya | Ɗauke wuta, gasuwa a rana, laushin ƙashi |
| Kejin waya | Kaɗan | Kaɗan | Ƙarfen na daɗewa | Da sauƙi a ido | Bushewar jiki, gyambon hanci, ciwon ƙoda |
| Akwatin falanki | Matsakaici zuwa mai yawa | Gyara lokaci-lokaci | Damina 2 zuwa 3 | Matsakaici | Gara, ruɓa, ɓallewar gindi |
| Ginin bulo | Mai yawa, sau ɗaya | Kusan babu | Shekaru masu yawa | Da sauƙi in an gina daidai | Ambaliya, kwarkwasa, mantuwar kwaɗo |

Wa ya dace da wanne

Mai gidan kansa da ke da kusurwar da hantsi ke sauka, ya kuma san zai zauna, ya yi ginin bulo tun farko, kada ya ɓata kuɗi a kan matakai. In damon ƙarami ne ƙwarai, a raba ginin da allo ya zauna a rabi har ya yi ƙwari.

Ɗan haya mai tsakar gida, wanda mai gidan da sauran 'yan haya suka yarda, ya yi falanki da tankin roba, ya sa a ransa cewa zai sake wani. Mai sola mai ƙarfi da ke zaune a bene ba tsakar gida, shi kaɗai ne zan ce ya yi na cikin ɗaki da fitilu, shi ma na falanki mai gilashi a gaba kawai, ba gilashi zalla ba. Wanda ya tsinci mai rauni yana son ya yi jinyarsa, babban bahon roba da ƙasa mai danshi da wurin ɓuya, a inuwa mai samun hantsi, ya ishe shi makonni kaɗan.

Saura wanda ɗaki guda gare shi, ko mai tantabaru da kaji da ba zai iya raba su ba, ko wanda ba shi da tabbacin inda zai kasance baɗi. Damon da aka kula da shi yana haura shekara 10. Wannan shi na tambayi ɗan yayata bayan mun gama lissafin bulo a bayan takarda.

"In ka sami gurbin karatun da kake nema a Zariya, wa zai riƙa kamo masa fara?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Sai dai Inna, ita kuwa ko ƙadangare ba ta son gani."

Sakin damo ma da ƙa'idarsa: wanda bai daɗe a hannu ba, a inda aka samo shi, kuma da damina lokacin da ƙwari suka yawaita. Wanda ya shekara a keji ba a watsar da shi haka kawai, sai a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji. Nasa kwana 2 kawai ya yi, ga damina ta sauka. Muka yanke zaren da ya rage a ƙugunsa, muka cire masa kaska 3, muka bar shi ya jiƙa a ruwa. Washegari bayan asuba muka hau babur zuwa inda yaran suka ce sun kama shi, muka wuce gonaki har inda wani tsohon suri yake cikin sabara, nesa da hanya. Yaron ya kwantar da bokitin a gefe ya ja da baya. Damon ya daɗe a bakin bokitin yana zaro harshe, sannan ya taka ƙasa mai laima, ya bi gindin sabarar ya shige wata kafa a jikin surin.